Selfi da jirgin ƙasa: Abin da kyamarar wayarka ke ɓoye maka

A farkon watan Yunin 2024 wani bidiyo daga ƙasar Meksiko ya karaɗe soshiyal midiya, kuma da wuya a ce bai biyo ta wayar wasunku ba. Mutane ne danƙam a gefen layin dogo kusa da wani gari da ake kira Nopala a jihar Hidalgo, kowa ya ɗaga waya sama. Wani tsohon jirgi mai aiki da tururi ake jira, irin mai tuƙa hayaƙin nan da muke gani a finafinan da. Wata matashiya da ba ta kai shekara 30 ba ta matsa gaba kaɗan, ta juya wa jirgin baya, ta ɗan rusuna don ta haɗa fuskarta da shi a hoto ɗaya. Ba fa a kan layin take ba. A gefe ta tsaya, inda a lissafinta babu abin da zai taɓa ta. Wani ɓangare na kan jirgin da ya turo waje ya buge ta a kai. Nan take rai ya yi halinsa, ga ɗanta ƙarami a kusa da ita.

Sunan jirgin Empress, mai lamba 2816, kuma tun 1930 aka ƙera shi a Kanada. Kamfanin CPKC ne ya fito da shi yawon biki daga birnin Calgary, ya ratsa Amurka har zuwa babban birnin Meksiko. Duk garin da ya bi sai an fito kallo, don abu ne da mutum zai iya gani sau ɗaya a rayuwarsa. Bayan rasuwar matar, kamfanin ya sake jaddada cewa duk mai kallo ya tsaya aƙalla mita 10 daga layin. Da yawa za su ce mita 10 ai ya yi yawa, tsoro ne kawai irin na kamfani. To bari mu bi abin a hankali.

Da farko dai, son jirgin ƙasa ba hauka ba ne. Kamar yadda muke da masu kiwon tantabaru da suka san asalin kowace tsuntsuwa, ko wanda ya haddace sunayen 'yan wasan Barcelona har da na benci, haka wasu ƙasashen ke da mayun jirgi. A Ingila an daɗe da sanin mutanen da ke wuni a tasha da ɗan littafi suna rubuta lambar duk kan jirgin da ya wuce. A Japan abin har rabe-rabe gare shi: akwai masu son hawa, akwai masu naɗar ƙarar jirgi, akwai kuma masu ɗaukar hoto, waɗanda ake kira toritetsu. Mafi yawansu mutane ne masu natsuwa da ke kashe kuɗinsu a kan kyamara su koma gida lafiya. Amma wasu tsiraru sun ɓata musu suna, ta yadda a yau idan aka ce toritetsu a Japan, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne masu tsallaka shinge, masu tattake gonar mutane, masu yi wa ma'aikatan tasha ihu don sun tare musu hoto. A 2021 an yi ta yaɗa bidiyon wani mai keke da ya biyo gefen jirgin Enoden a yankin Enoshima, bai san hawa ba bai san sauka ba, sai ga gungun masu kyamara sun yi masa ca da zagi wai ya lalata musu hoto. Jama'ar intanet suka goyi bayan mai keken.

Turawan Ingila ma da ake ganin sun san doka ba su tsira ba. Ranar 25 ga Fabrairun 2016 shahararren jirgin nan Flying Scotsman, wanda aka ƙera a 1923, ya dawo aiki bayan gyaran da ya ci shekara 10 da sama da fam miliyan 4. Ya tashi daga tashar King's Cross a Landan zai tafi York. Kafin ya yi nisa, a kusa da garin St Neots, sai da aka tsayar da shi cak, saboda 'yan kallo sun tsallake shinge sun tsaya a kan layi da kyamarori. Layin nan kuwa jirage masu gudun kilomita 200 a awa ne ke bin sa. Ba a rasa rai ba a ranar, amma jirage da dama sun makara, kuma kamfanin Network Rail mai kula da layin ya biya diyyar da ta kusa fam dubu 60. Daga baya aka daina sanar da jama'a lokutan da jirgin zai wuce. Wato 'yan tsirarun da suka kasa haƙuri sun jawo wa kowa.

Waɗannan fa mutane ne da suka san jirgi ciki da waje. To ina ga wanda bai san komai a kansa ba sai dai ya ga bidiyo a TikTok ya ce shi ma sai ya yi irinsa? Abin da waya ta kawo ke nan. Yanzu kowa mai ɗaukar hoto ne, kuma abin da ake so a gani a hoton ya tashi daga jirgin ya koma kan mai wayar. Wasu likitoci a ƙasar Indiya sun bi rahotannin jaridu suka ƙirga mutum 259 da suka mutu wajen ɗaukar selfi a faɗin duniya tsakanin Oktoban 2011 da Nuwamban 2017. Matsakaicin shekarunsu bai wuce 23 ba, kusan kashi uku cikin huɗu maza ne. Nutsewa a ruwa ce ta fi cin rayuka, sai haɗarin ababen hawa, kuma a nan jirgin ƙasa ne kan gaba. Duba shekarun nan da kyau. Sa'o'inmu ne.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne da yawan waɗanda abin ya rutsa da su ba wai sun yi niyyar wasa da rai ba ne. Sun yi lissafi, lissafin ne ya ci amanarsu. Kuma akwai dalilan da suka sa kusan kowa ke faɗawa kuskure iri ɗaya.

Jirgi ya fi layinsa faɗi, nesa ba kusa ba. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin zamani, irin na Abuja zuwa Kaduna, mita 1.435 ce. Tsohon layin da Turawa suka shimfiɗa mana ma bai kai haka ba, mita 1.067 ne. Amma jikin tarago ya kai wajen mita 3. Ke nan ta kowane gefe jirgin na turowa waje da abin da ya kusa mita ɗaya. Ido kuwa ƙarfen da ke ƙasa yake kallo, sai ya ce maka ai ka kauce. Ka tsaya taku ɗaya daga ƙarfen, kana ganin kana gefe, alhali kana daidai inda matakalar tarago ko kafaɗar kan jirgi za ta bi. Idan jirgin kaya ne, ƙara da igiya ko sarƙa ko waya da ta kwance tana lilo a gefe. Sannan ga iskar da jirgi mai gudu ke tahowa da ita, wadda ke tura mutum sannan ta fizgo shi. Mu da muke sa babbar riga da jallabiya da abaya da dogon mayafi, musamman ranar da aka ci kwalliya don hoto, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ko jirgi bai taɓa jikinki ba, ya ishe shi ya kama gefen mayafi.

Sai kyamarar kanta. Kyamarar gaba ta waya an yi ta ne don ta kwaso fili mai faɗi, shi ya sa mutum biyar ke shiga selfi ɗaya daga tsawon hannu. Ladan wannan faɗin shi ne duk abin da ke bayanka sai ya ƙanƙance, ya zama kamar yana can nesa. Gwada da kanka a gida: sa ƙaninka ya tsaya taku biyar a bayanka, ka kalle shi ta allon waya, sannan ka waiga ka kalle shi da ido. Za ka ga bambanci. To mai selfi da jirgi ya juya wa haɗarin baya, ya miƙa amanar ransa ga allon da aikinsa shi ne nesanta abu. Kuma saboda jirgin ya yi ƙarami a hoton, sai ya ji bai gamsu ba, ya ƙara matsawa, ya ƙara jira daƙiƙa ɗaya don jirgin ya cika allo. A wannan daƙiƙar ake rasa mutane.

Ko babu waya ma, idon ɗan Adam bai iya auna gudun babban abu ba. Wani masanin halayyar gani a Amurka, Herschel Leibowitz, ya yi bayanin wannan tun 1985: idan abu ya cika girma, sai a ga kamar a hankali yake tafiya. Wanda ya taɓa kallon babban jirgin sama yana sauka a filin Malam Aminu Kano ya san haka. Sai ka rantse rarrafe yake a sama, alhali gudunsa ya haura kilomita 200 a awa. Haka jirgin ƙasa yake, kuma nasa ya fi muni idan kai tsaye yake nufo ka. Daga nesa fitilarsa kawai za ka gani, kamar ba ta motsi. Ba ya girma a idonka sai ya zo daf, sannan ya kumbura lokaci guda. Yi lissafi: jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Tsawon filin ƙwallo gaba ɗaya bai kai masa daƙiƙa 4 ba. Idan ka hango shi daga mita 300, daƙiƙa 11 gare ka. A cikinsu za ka gyara tsayuwa, ka danna, ka duba ko ya yi kyau, ka juya, ka taka tsakuwar nan mai zamewa da silifas. Idan santsi ya kwashe ka sau ɗaya, ko takalmi ya maƙale tsakanin ƙarfe da katako, shi ke nan.

Wani zai ce ai jirgi ba ya zuwa a ɓoye, tun daga nesa ake jin sa. Wannan tsohon zance ne. Ƙarar kacau-kacau da muka sani tana fitowa ne daga mahaɗar ƙarafan layi, kuma layukan zamani da yawa a like suke da walda, babu wannan mahaɗar. Yawancin rugugin jirgi gefe da baya yake tafiya, wanda ke gabansa shi ne na ƙarshen ji. Ƙara da iyafis a kunne, ko waƙar da aka kunna don a hau ta a bidiyo.

Mafi hatsari shi ne inda layi biyu ke jere. A watan Oktoban 2011, a jihar Utah ta Amurka, wasu 'yan mata uku, biyu daga cikinsu ya da ƙanwa, sun tsaya tsakanin layi biyu suna ɗaga wa wani jirgi hannu suna ɗaukar hoto. Ƙararsa ta cika musu kunne, ba su ji na biyun da ya taho ta ɗaya ɓangaren ba. A hoton ƙarshe da suka ɗauka ana ganin hasken fitilarsa a bayansu, su kuwa suna murmushi. Duka ukun sun rasu. Ma'aikatan jirgin sun hango su tun daga nesa, sun danna oda har ƙarshe, sun taka birki. Babu abin da ya rage musu sai kallo.

Wannan ɓangaren ne ba a cika magana a kai ba. Jirgi ba shi da sitiyari, direba ba zai iya kaucewa ba ko da taku ɗaya. Ƙafar ƙarfe ce a kan layin ƙarfe, kuma inda suke haɗuwa bai fi faɗin kwabo ba. Hakan ne ke sa kan jirgi ɗaya ya ja kaya masu nauyin dubban tan cikin sauƙi, kuma hakan ne ke hana shi tsayawa da wuri. Jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa kan ci sama da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, ko da an taka birkin gaggawa. Ma'ana, a lokacin da direba ya gan ka, an riga an gama. Mutum ne kamar babanka ko yayanka, ya fito neman abincin iyalinsa, sai ka sa shi ya ga abin da zai riƙa dawo masa a barci har tsufansa. Direbobi da dama a duniya sun ajiye aikin bayan irin wannan.

Ga masu shirya bidiyon barkwanci da na waƙa kuma, akwai labarin da ya kamata ku sani. Ranar 20 ga Fabrairun 2014 wasu masu shirya fim mai suna Midnight Rider suka hau wata gadar jirgi a kan kogin Altamaha a jihar Jojiya ta Amurka, suka gindaya gadon asibiti na ƙarfe a kan layi don ɗaukar wani mafarki a fim ɗin. Kamfanin CSX mai layin bai ba su izini ba. Sun bari jirage biyu sun wuce, suka ɗauka shi ke nan babu wani. Na uku ya taho. A kan gada babu gefen da za a tsallaka, sai dai a gudu ta inda jirgin ke zuwa. Sarah Jones, mai taimaka wa mai kyamara, 'yar shekara 27, ta rasa ranta, wasu suka jikkata. Daraktan fim ɗin, Randall Miller, ya amsa laifi a kotu a 2015, ya kuma yi zaman kurkuku. Ƙwararru ne fa da kayan aiki da ma'aikata. Abin da ya kashe ta zato ne, zaton cewa layin ya huta.

Wannan zaton shi ne ainihin inda maganar ta shafe mu. Jirgi ya iso Kano tun 1911, daga baya ya kai Kaura Namoda da Nguru. Amma yawancinmu mun taso ne a lokacin da harkar ta riga ta durƙushe. Wanda ya girma a unguwar da layin dogo ya ratsa, a Zariya ko Kano ko Gusau ko Kafanchan, ya san layin a matsayin wurin zama. A kansa ake hira da yamma, a gefensa ake kasa kaya, ana shanya, awaki na kwanciya, yara na gasar tafiya a kan ƙarfe ba tare da faɗuwa ba. Masu hoto kuma sun gano cewa layin da ya miƙe ya ɓace a nesa yana ƙawata hoton kafin aure da na murnar ƙarin shekara. Ko da aka farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, sama da awa 30 yake yi a tafiyar da ba ta kai kilomita 1,200 ba. Jirgi ne da za ka ji kukansa, ka gama sallama da abokinka, ka ɗauke tabarma, sannan ya iso. Shi ya koya mana ɗabi'un da muke da su.

Jiragen da ke tafe ba su san wannan sabon ba. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a Yulin 2016, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, an tsara shi ne don gudun da ya ninka na tsohon jirgi sau uku ko fiye. Na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 layi biyu ne a jere, irin yanayin da ya ci 'yan matan Utah. Jirgin cikin garin Legas mai aiki da lantarki kuwa, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2023, wutarsa a ƙasa take, a wani ƙarfe na uku da ke bin gefen layin, don haka ko babu jirgi taka wurin kaɗai na iya kisa. A 2021 aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano, da kuma na Kano zuwa Maraɗi wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Akwai garuruwa da ƙauyuka a wannan hanyar da ba a taɓa ganin jirgin ƙasa ba tun da aka kafa su. Ranar da na farko zai wuce, ba sai an yi shela ba, kowa zai fito, kuma kowa da wayarsa a hannu. Babu laifi a cikin murnar. Inda za a tsaya a yi ta ne abin dubawa.

Akwai ma wata matsalar da ta keɓanta da mu. Tun bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, ga kuma ɓarayin da ke kwance ƙarafan layi suna sayarwa, jami'an tsaro ba sa ganin mai yawo a gefen layin dogo da kyamara a matsayin mai neman laik. Kafin ka gama bayanin cewa kai ɗan TikTok ne, ka kwana inda ba ka shirya ba.

Na san amsar da ke bakin wasu: idan kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi. Haka ne, babu musu. Amma malaman da suka koya mana wannan su ne kuma suka koya mana cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Kuma ni a ganina laifin bai tsaya kan wanda ke cikin hoton ba. Akwai abokin da ke riƙe da wayar yana cewa "ɗan ƙara matsawa baya, bai fito ba". Akwai mu da muke zuba wuta da tafi a kwament, muna "kai, wannan gayen ba shi da tsoro". Manhajar ba ta san jarumta ba, ba ta san wauta ba, abin da aka tsaya aka kalla shi take turawa gaba. Duk bidiyon da ya tsira ya yi tashe, wani ƙaramin yaro na can yana kallo yana auna yadda zai fi shi matsawa kusa.

Abin dariyar shi ne kyawawan hotunan jirgi da kuke gani, waɗanda kamar jirgin zai fito daga allo ya taka mutum, yawancinsu daga nesa aka ɗauke su. Ƙwararru kan nemi tudu ko gadar sama ko wajen shinge a inda layi ya yi kwana, su sa dogon gilashin kyamara mai jawo abu kusa. Shi ne ke matse tazara ya sa jirgi ya cika hoto, akasin abin da kyamarar selfi ke yi. A tasha kuma bayan layin da aka ja a daɓe suke tsayawa, kuma sukan nemi izinin ma'aikata kafin su kafa kyamara. Hoton kafin aure ma idan dole sai da jirgi a ciki, a je tasha a yi magana da hukumar jiragen ƙasa, su suka san lokacin da layi ke da jirgi da lokacin da babu.

Mita 10 ɗin da kamfanin nan ya faɗa wajen taku 13 ne na babban mutum, a ƙirga daga ƙarfen da ya fi kusa da kai. Daga nan, da kyamarar baya da zum na biyu ko na uku, kan jirgi zai cika allon wayarka har ka rasa inda za ka sa taragon farko.